Yadda Ake Shirya Tafiyar Ƙarshen Mako Daga Kano Zuwa Damagaram da Abokan Ɗaki

Daga Kano zuwa Damagaram, wato Zinder a Jamhuriyar Nijar, tafiyar kilomita 250 ce ko kusa da haka, wato da kaɗan ta ɗara nisan Kano zuwa Kaduna. Hausa za ku ji tun daga tasha har masauki, agogonku ba zai sauya ba, kuma hannun da kuke tuƙi a gida shi ake bi a can. Wannan kusancin ne yake yaudarar ɗalibai da yawa, su ɗauka cewa tafiya ce ta “tashi mu je”. Nijar ƙasa ce mai dokokinta, da kuɗinta, da jami'anta, kuma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 tsallaka iyakar ya ƙara tsauri. An rufe ta watanni, sai a Maris na 2024 aka sake buɗewa, sannan a ƙarshen Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Duk da haka tafiyar tana yiwuwa, kuma ina ganin duk ɗalibin da ke karatu a Kano ko Katsina ko Jigawa ya kamata ya yi ta ko sau ɗaya kafin ya kammala. Sai dai mafi yawan aikinta a cikin ɗakinku za a yi shi, makonni kafin a tayar da mota.

Ku zauna ku yi magana tukuna

Ku ware dare guda, ku ajiye wayoyi, ku tsayar da abu huɗu: su wa za su je, yaushe, da wace mota, kuma nawa kowa zai iya kawowa. Mutum huɗu sun fi daidai da ƙaramar mota, biyar an matsu. Idan kun haura haka, mota biyu ce, kuma mota biyu a kan iyaka aiki biyu ne.

Maganar kuɗi ita ce mai wuyar faɗa, don haka da ita za ku fara. A kowane ɗaki akwai wanda ake turo wa kuɗi duk mako, akwai kuma wanda yake lallaɓa garin kwakinsa ya kai shi ƙarshen wata. Ku gina tafiyar a kan aljihun mai ƙaramin ƙarfi. Idan mai hali yana son ya ɗauki wani nauyi, ya ce “man zuwa nawa ne” tun a wannan zaman, a rubuta, a wuce wurin. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a je can a tarar wani yana son otel mai na'urar sanyaya ɗaki, wani kuma yana lissafin kuɗin shayi a zuciyarsa yana jin nauyin magana.

Ku naɗa ma'aji, wanda kuka sani ba ya wasa da lissafi, kowa ya zuba karo-karonsa a hannunsa mako guda kafin tafiya. Mai, kuɗin hanya, masauki da abincin da za a ci tare duk daga asusun za su fito. Tsaraba kuwa kowa da aljihunsa. A saman jimillar ku ɗora kashi ɗaya cikin biyar na ko-ta-kwana, wanda ba za a taɓa ba sai taya ta fashe ko wani ya kwanta rashin lafiya. Ku kuma naɗa mai magana da jami'ai: mai sanyin rai, mai iya gaisuwa, in da hali wanda ya ɗan taɓa Faransanci.

Kowa ya sanar da gida ya nemi izini. Kada wanda ya tsallaka iyakar ƙasa iyayensa suna zaton yana hostel. Idan ɗakin 'yan mata ne, ku nemi yaya ko kawu ya raka ku. Ban da kwanciyar hankalin iyaye, akwai wani dalili da za ku gani idan mun iso bakin iyaka.

Takardu

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90, kuma bayan ficewar Nijar ƙungiyar ta ce a ci gaba da zirga-zirga yadda aka saba har sai an sanar da wani abu daban. Amma a farkon 2025 an yi ta samun rahotannin mayar da matafiya 'yan Najeriya da suka je da takardar tafiya ta ECOWAS kaɗai. A Janairun shekarar ne kuma hukumomin Nijar suka fitar da dokar da ta tsaurara sharuɗɗan shiga da zaman baƙi. Don haka shawarata ɗaya ce: kowa ya riƙe fasfo wanda wa'adinsa bai kusa ƙarewa ba. Na san ba arha ba ne, domin tun Satumbar 2025 mai shafi 32 ya koma naira 100,000, kuma sai da lambar NIN, sannan yana ɗaukar makonni kafin ya fito. Wanda ba shi da shi, a ɗaga tafiyar a jira shi. Za ku ji ana cewa mutanen kan iyaka kullum suna shiga suna fita ba takarda. Gaskiya ne, amma su an san fuskokinsu, gonakinsu da surukansu suna tsallake. Ku baƙi ne da za su nutsa fiye da kilomita 100 cikin ƙasar, kuma shingayen da ke gaba sun fi na bakin iyakar tambaya.

Na biyu shi ne katin rigakafin cutar shawara, wanda kowa ke kira yalo kat. Ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke bayarwa, akwai shi a filin jirgin Malam Aminu Kano. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, saboda haka kada ku bari sai ana gobe tafiya. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Kada ku sayi katin a hannun ɗan tsakiya ba tare da an yi muku allurar ba.

Na uku, katin shaidar makaranta. Ku ɗauki hoton duk takardun nan a waya, ku kuma yi kwafi bibbiyu, ɗaya a jaka, ɗaya a bar wa wani a gida.

Mota: taku ko ta haya

Idan wannan ne karonku na farko kuma babu wanda ya taɓa tuƙi a wajen Najeriya, ku shiga haya. A Kano ana samun motocin Daura da na Nijar a wajen Ƙofar Ruwa, kuma direbobin hanyar sun san kowane shinge da mai tsaronsa. Ku je tashar kwana biyu kafin tafiya, ku tambayi 'yan kamasho ko motar za ta zarce Damagaram ne ko za a sauya wata a bakin iyaka, da kuɗin da ake biya a kowane ɓangare. Tunda ku huɗu ne, ku biya kujerun da suka rage ku ɗauki motar shata. Kun huta da jiran ta cika, kun huta da matsi.

Idan kuwa motar gida za ku ɗauka, aikin ya ƙaru. Ku haɗa lasisin mota, da inshora, da shaidar mallaka, da takardar lafiyar mota, da takardun kwastan na shigowarta. Wannan na ƙarshen ya fi amfani a dawowa, domin tun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma dole ku iya nuna cewa taku daga gida ta fita. Idan sunan Baba ne a takardun, ya rubuta wasiƙar izini ya sa hannu, da lambar wayarsa da kwafin katin shaidarsa. Direba ya nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ya haɗa da nasa na gida. Ku je wurin kamfanin inshorarku ku ce za ku fita da mota zuwa Nijar, ku nemi katin Brown Card, wato inshorar mota ta ƙasashen ECOWAS, ku kuma tambaye su ƙarara ko yana aiki a can a halin da ake ciki, ko sai kun yanki inshorar 'yan kwanaki bayan kun tsallaka.

Ranar Laraba a kai motar wurin bakanike: birki, tayoyi har da safaya, ruwan lagireto, bel, fitilu, baƙin mai. A but a sa jak, da abin kwance taya, da tukunyar kashe gobara, da alamar tsayawa mai kusurwa uku guda biyu, da ɗan akwatin magani, domin jandarmomi kan tambaye su. Lissafin mai kuma mai sauƙi ne. Zuwa da dawowa da yawon cikin gari ku ɗauka kilomita 600. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 tana buƙatar lita 60. Ku cika tanki a Kano, ku ƙara a Daura. Kada ku ɗauki mai a jarka, don a idon kwastan fasa-ƙwauri ne ko da lita biyar ce. A can ma akwai gidajen mai, kuma matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 tana arewa da garin Damagaram ɗin kansa.

Canji, da yadda ake ƙirga kuɗi a can

Ku canza kuɗinku a Wapa kafin ku tashi, bayan kun ji farashi a bakin mutum biyu ko uku. Akwai 'yan canji a bakin iyaka, amma wanda ya zo a matse ba ya samun farashi mai kyau. Ku roƙa a haɗa muku da ƙananan takardu, na 500 da 1,000 da 2,000, saboda mai shayi ba zai sami canjin 10,000 ba. Kada ku dogara da katin banki ko tura kuɗi ta waya irin yadda muka saba a gida. Ku riƙe tsabar kuɗi, ku raba su gida biyu, rabi wurin ma'aji, rabi wurin wani. Ku kuma bar 'yan nairori na dawowa.

Ga abin da ke rikita kowane baƙo. Abin da aka rubuta a jikin sefa daban, abin da ake faɗa da baki daban, domin da dala ake ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Kun tsaya gaban mai ƙosai, kun ce, “Inna, na nawa ne wannan?” Ta ce, “Dala ashirin.” Sefa 100 take nufi, ƙwandala guda. Dala hamsin 250 ke nan, dala ɗari kuma 500. Idan aka kai 1,000 sai a ce jaka guda, 5,000 jaka biyar. Duk adadin dalar da aka faɗa ku ninka shi sau biyar, shi ne abin da za ku gani a rubuce. Ku yi ta gwada juna da wannan lissafin a cikin mota tun daga Dambatta, kafin ku isa ya zauna muku. Idan ciniki ya yi girma, kamar kuɗin ɗaki ko na kayan fata, ku miƙa waya a rubuta muku adadin da lambobi.

Ranar tafiya

Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai ku ɗauki rigar sanyi da man shafawa, kuma hazo kan rage ganin hanya da safe. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ne. Da damina ruwa kan yanke hanya.

Idan ba ku da lacca ranar Juma'a, ku tashi da an idar da sallar asuba, ku sami kwana biyu a can. Idan akwai lacca, ku haƙura sai asubahin Asabar. Abin da ba na so ku yi shi ne tashi daga Kano bayan an sauko daga masallacin Juma'a, domin magariba za ta riske ku a bakin iyaka, sauran tafiyar kuma cikin duhu, a hanyar da ba ku sani ba, mai amalanke da dabbobi da manyan motoci marasa fitila. Dokar tafiyar nan ita ce ba tuƙin dare, a zuwa da a dawowa. Daren da za ku tashi ku kira wani direban hanyar ko ɗan'uwa a Daura ku ji lafiyar hanya. Idan aka ce a dakata, ku dakata.

Hanyar ita ce Kano, Dambatta, Kazaure, Daura. Akwai masu bi ta Ɓaɓura su fita Magarya, amma ta Daura ta fi jama'a da gidajen mai da makanikai. A Daura ku karya kumallo, ku ba rijiyar Kusugu rabin awa idan akwai wanda bai taɓa gani ba, kada ku wuce haka. Daga nan 'yar tafiya ce zuwa Kwangwalam a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, inda iyakar take.

A bakin iyaka

Tun kafin ku isa 'yan acaɓa da masu “a taimaka muku” za su taso, wasu su ce za su bi da ku ta ɓarauniyar hanya ba tambaya ba jira. Ku ce musu kun gode. Wanda ya shiga ƙasa ba hatimi a fasfonsa ya karya doka, kuma shinge na farko da ke gaba zai gane.

Ku faka inda aka nuna muku, ku kashe kiɗa, ku cire baƙin gilashi da abin kunne, ku sauko gaba ɗaya. A ɓangaren Najeriya jami'an shige da fice za su buga muku hatimin fita, jami'an lafiya su duba yalo kat, kwastan su duba mota, wani lokaci da jami'an NDLEA. A nan ne katin makaranta yake aikinsa. Wannan hanya ce da masu safarar mutane ke bi da matasa zuwa Agadas, daga can Libiya ko Aljeriya, don haka matasa huɗu da jakunkuna dole a yi musu tambayoyi, 'yan mata kuma ninki biyu. Kada ranku ya ɓaci, aikinsu suke yi, kuma yara da yawa sun tsira ta dalilin irin tambayoyin nan. Amsarku ta zama iri ɗaya saboda gaskiya ce: mu ɗalibai ne a makaranta kaza, za mu Damagaram yawon buɗe ido, za mu sauka a wuri kaza, ranar Lahadi za mu dawo.

A tsallake, a Ɗan Barto, za ku tarar da ɗan sanda a bayan tebur da babban littafin rajista. Mai maganarku ya yi sallama, ya gaishe shi da aiki, ya miƙa fasfo huɗun a haɗe da hannun dama. Zai buɗe ɗaya bayan ɗaya, ya kira suna, ya ɗaga kai ya dubi fuska, ya rubuta, ya tambayi sana'a da inda za a sauka. Wanda aka kira ya amsa da kansa, sauran su yi shiru. Kafin ku bar gaban teburin kowa ya buɗe fasfonsa ya ga hatimin shiga da kwanan wata da idonsa. Masu mota sai su wuce ofishin duwan, wato kwastan ɗinsu, a yanka wa motar takardar shiga ta wucin gadi da ake kira lese-fase. Ku adana ta tare da fasfo, za a tambaye ta a hanya, kuma za a karɓe ta a dawowa.

Idan aka ce ku biya wani abu, ku tambaya cikin ladabi na mene ne, ku nemi rasit. Wanda takardunsa suka cika yana da bakin magana, kuma haƙuri da fara'a sun fi ɗaga murya saurin buɗe igiya. Abu biyu kuma kada ku kuskura. Kada ku ɗauki hoton shinge ko soja ko bariki ko ofishin gwamnati, ko da hoton kanku ne kuke ɗauka suka fito a baya. Kada kuma ku karɓi saƙon kowa ku tsallaka da shi, ko da tsohuwa ce ta ce magani ne za a kai wa jikanta.

Daga nan sai Matamaye, Kance, Takeita, inda za ku hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Diffa, ku yi gabas. Akwai wurin biyan kuɗin hanya da suke kira peyaj, ku riƙe tikitin har ku isa. A shingayen jandarma ku rage gudu tun daga nesa, ku tsaya cak, kada ku motsa sai an ɗaga muku hannu. Kafin ku shiga gari za ku wuce Tirmini, inda dakarun Damagaram suka gwabza da Faransawa a 1899. Duwatsu manya-manya da suka hau kan juna su ne za su shaida muku kun iso.

Masauki da waya

Ku tsayar da masauki tun daga gida. Hanya mafi sauƙi ita ce ta ɗaliban Nijar da ke karatu a jami'arku, ko 'yan kasuwar Kwari da Dawanau masu hulɗa da can. Ɗayansu zai haɗa ku da wanda zai duba muku ɗaki ya faɗi farashi na gaskiya. A otel za a ba ku takarda ku cike da bayanan fasfo. Idan gidan 'yan'uwa ko na aboki za ku sauka, ku tuna wa maigidan cewa dokar 2025 ta ɗora wa mai masauki alhakin sanar da 'yan sanda baƙon da ya sauka a wurinsa. Kafin ku biya kuɗin ɗaki ku buɗe famfo ku gani, domin Damagaram ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwa. Ku duba gidan sauro, ku tambayi inda mota za ta kwana.

Layin Najeriya yana ɗaukewa jim kaɗan bayan iyaka, in ma ya kama to da tsada. Mutum ɗaya ya sayi layin Airtel ko Moov ko Zamani da fasfonsa, ya sa data, ya raba wa sauran. Lambar ƙasar +227 ce, ku tura wa gida sabuwar lambar nan take. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, cajar mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da adafta. Lambar 'yan sanda 17, ta 'yan kwana-kwana 18.

Yadda za ku ci ranar Asabar

Idan tun Juma'a kuka iso, ku ba unguwar Birni safiyarku gaba ɗaya, kuma a ƙafa. A nan fadar Sarkin Damagaram take, wadda ginin ta ke komawa tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye garin da ganuwa ya mai da shi babbar tashar fatake tsakanin Kano da Agadas har Tarabulus. Ku gaida dogarai a ƙofa, ku faɗi daga inda kuke, ku nemi izinin shiga da na ɗaukar hoto, ku cire takalmi inda aka ce a cire. Wanda ya zagaya da ku a sallame shi da abin kirki daga asusu. Bayan fada ku kutsa lunguna. Gidajen ƙasa masu zanko da zanen da aka tayar a jikin bango, wasu da launi, su ne irin waɗanda siminti ya cinye a yawancin unguwannin cikin birnin Kano, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa. Ginin ƙasa ba ya jira: tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150, ya rushe a ruwan saman farkon Satumbar 2024. Duk gidan da za ku ɗauka a hoto akwai mutane a ciki, ku yi sallama ku tambaya.

Garin shi ne hedikwatar Nijar ta zamanin Faransawa kafin a mayar da ita Yamai a 1926, kuma za ku ga sauran gine-ginen wancan lokacin tsakanin Birni da Zango, unguwar da ayarin Buzaye ke sauka a da. Sansanin sojan da ke kan dutse ku kalle shi daga nesa, waya a aljihu.

Da la'asar ku shiga Kasuwar Dole. Alhamis ce babbar ranarta, amma kullum tana ci. Ku nemi dukawa, aikin fatar Damagaram sananne ne: takalma, jakunkuna, filalla. Ga kilishi, da cuku, da dabino. Ku yi ciniki da fara'a, kuma kada ku riƙa juya kowane farashi zuwa naira da ƙarfi a gaban mai kaya kuna cewa ya yi tsada, faɗuwar naira ba laifinsa ba ne. A cikin gari ku ajiye mota ku hau adaidaita ko kabu-kabu, a yi ciniki kafin a hau.

Da dare, idan kuna da aboki a Jami'ar André Salifou ko a unguwa, ku roƙa ya kai ku fadarsu, wato majalisar samari inda ake shimfiɗa tabarma a ɗora butar shayi a kan gawayi. Zagaye uku ake yi, na farko mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi, kuma ba a gaggawa. Ku kai sukari da ganyen shayi a matsayin gaisuwa. A nan za ku ji yadda takwarorinku suke karatu da Faransanci suna mafarki da Hausa, harshen da kundin mulkin ƙasar na 2025 ya ayyana a matsayin harshen ƙasa. Ku yi hirar karatu, da ƙwallo, da kokawa, wadda a can ta fi ƙwallo daraja. Siyasar ƙasarsu kuwa ku bar musu, ko an ja ku ku ce ku baƙi ne. Kada kuma wani ya zuga ku ku zarce arewa wajen Tanut ko gabas wajen Diffa. Mirya mai tukwane tana kusa, amma ita ma ku bar ta sai wani zuwan.

Dawowa

Ranar Lahadi ku bar Damagaram da hantsi, kada ku wuce ƙarfe goma. Ranar ce kasuwar Mai'aduwa take ci, manyan motocin dabbobi da na hatsi sukan cika hanyar iyaka, kuma kuna so ku shiga Kano da sauran rana. A Ɗan Barto ku mayar da lese-fase, a buga muku hatimin fita, a Kwangwalam a buga na shiga. Kowa ya sake duba fasfonsa, domin hatimin da ya ɓace yau shi zai tsayar da mutum a tafiya ta gaba.

Tsarabar ci da ta kwalliya daidai ta mutum ɗaya ba ta da matsala. Shinkafar waje, da katan ɗin taliya, da dilar gwanjo kuwa kwastan za su ƙwace, suna iya haɗawa da motar, kuma shingayensu ba su ƙare a bakin iyaka ba, za ku yi ta cin karo da su har kusa da Kano. Ko Hajiya ce ta yi saƙon buhu guda, ku ba ta haƙuri tun kafin ku tafi. Magungunan da ake sayarwa a tire a kasuwa ma kada wanda ya saya.

A daren da kuka dawo, kafin kowa ya kwanta, ma'aji ya karanta abin da aka kashe ɗaya bayan ɗaya, a raba ragowar daidai, wanda ake bi ya biya ko a sa masa rana. Sefar da ta rage a mayar Wapa cikin mako, ko a sayar wa ɗalibin Nijar da zai je gida. Motar aro a wanke ta, a cika mata tanki, a mayar wa mai ita da takardunta cikakku da ƙullin kilishinsa. Wanda kuma ya ji zazzaɓi a kwanakin da suka biyo baya ya je asibitin makaranta a gwada jininsa, ya faɗa wa likita inda ya je.